Batirin Da Taubashina Ya Ɗauke

Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun ban san damata da haguna ba aka sanar da ni cewa ni bawansa ne. A garinmu, can gefen Kanan-Bakashe, wannan abin dariya ne kawai. Taubashi yana da izinin ya zage ka gaban surukanka, ya fizge hularka ranar Salla, ya tsame naman da ke cikin kwanonka, kai kuma ka rama da duk abin da bakinka ya iya. Fushi kaɗai aka hana ka. Wanda ya yi fushi da taubashi shi ake yi wa kallon marar tarbiyya, ko da kuwa shi aka cuta.

Mun yi wannan wasa har muka yi gemu. Yana ce mini bawa mai kan tulu, ina ce masa ubangijin da ko akuya ba ya iya ciyarwa. Tare muka yi lakwal, makarantar boko ke nan, tare muka sha bulalar mushe ɗaya, malaminmu. Da muka girma na zama malamin lissafi a kolejin Mayahi, shi kuma ya samu aiki a meri, ofishin magajin gari, aka damƙa masa makullin mangaza, ɗakin ajiyar kayansu. Labarin wani ɗaki zan bayar, ɗakin da na fi ƙauna cikin duk abin da na taɓa yi da hannuna, kuma ba zai bayu ba sai da taubashina a ciki, don shi ya buɗe mini ƙofarsa tun farko.

Wata rana ya tare ni a hanya ya ce in zo in ga dangina, tsofaffi marasa amfani. Ya kai ni mangaza. A bayan karyayyun kujeru da buhunan siminti da suka daskare, ordinatoci ne jibge, wato kwamfutoci, irin masu ƙusumbin nan, launinsu ya koma kamar tsohon haƙori. Wani gari na ƙasar Faransa da ya ƙulla abota da namu ne ya aiko su shekarun baya. Na gidajen mutane ne, waɗanda suka sayi sababbi suka rasa inda za su kai tsofaffin. Akwai wanda yara suka manna wa hoton kyanwa a gefe, akwai mai tabon kofi a kai. Lokacin da suka iso an gwada kunna su, wasu suka ƙi tashi, wasu suka tashi suna neman kalmar sirrin mutanen da ba mu taɓa gani ba. Sai aka tura su mangaza, ɓeraye suka gaje su.

Ya ce, “Kwashe su ka rage mani shara. In sun tashi naka ne, in sun ƙi ka yi murhu da su.”

Dirakta ya ba ni wani ɗaki a ƙarshen makaranta inda ake ajiye tsintsiya da bokitai. Na kwashe su a amalanke na kai can. Na buɗe cikinsu ɗaya bayan ɗaya, na fitar da kashin ɓera da gidan zanzaro, na hure ƙurar da famfon keke. Ban san komai a kan wannan aiki ba sai abin da wani abokin karatuna da ke Maradi ya nuna mini, shi ne kuma ya ba ni faifan sede guda ya ce abin da ke ciki zai tayar da su. Tsari ne na tafiyar da inji, sabo fil na wannan shekarar, amma an yi shi marar nauyi yadda tsohon inji zai iya ɗauka. Sunansa Linux. A Mayahi ba wanda ya taɓa kiransa haka, don in yana tashi akwai wani tsuntsu mai farin ciki da baƙin baya da yake fitowa a saman gilashin, mai gadin makaranta ya leƙo ya ce agwagwa ce. Na yi bayani har na gaji cewa tsuntsun ƙasar ƙanƙara ne. Daga ranar ɗakin ya zama ɗakin Agwagwa.

Ba duka suka tashi ba. Waɗanda suka mutu murus na cire musu ƴan sandunan ƙwaƙwalwa na ƙara wa masu sauran numfashi, har na samu guda shida masu aiki. Saka tsarin a inji ɗaya yakan cinye yini, ina zaune ina kallon wani layi yana tafiyar hawainiya, ina addu'ar kada a ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Suna da halayensu. Ɗaya sai an buga masa tafi a gefe kafin gilashin ya daina rawa. Dukansu agogonsu ya lalace, kullum suka farka sai su ce ana cikin shekarar da aka ƙera su, sai na gaya musu kwanan wata kamar yadda ake gaya wa tsohon da ya rikice. Amma in sun tashi sun tashi, ba sa kama ƙwayar cutar nan da ke kashe injunan ofis, kuma ba sa tambayar kowa lambar lasisi.

Abin da ya ɗaure ni da wannan tsari wata kalma ce. Masu shi suna cewa libre ne. Na daɗe ina neman yadda zan faɗe ta da Hausa, don ba kyauta kawai ake nufi ba. Daga baya na gane ɗa ake nufi, wanda ba shi da ubangiji. Kowa yana iya buɗe cikinsa ya ga yadda aka yi shi, ya canza abin da bai yi masa ba, ba mai cewa don me. Da na gaya wa taubashina haka sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce duniya ta zo ƙarshe, bawa ya samo ɗa yana kiwo.

Na kuwa buɗe cikin nasa. Kilabiyen Faransa, wato allon maɓallan rubutu, ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, shi ya sa duk takardar Hausa da ta fito daga ofis sai ka ga an rubuta kasa a wurin ƙasa, baki a wurin baƙi, mai karatu ya yi ta lalube. Na nemo wurin da aka jera haruffa a cikin tsarin, na yi ta gwaji ina ɓatawa ina gyarawa, har ranar da na danne maɓalli ɗaya na taɓa k, sai ga ƙ ta fito da ƙugiyarta. Na yi wa ɓ da ɗ da ƴ haka. Na ɗauko jan farcen matata na ɗiga a kan maɓallan huɗu na kowane inji don a gane su. Ta yi mini faɗan jan farcen, amma washegari ita ce ta zo ta rubuta sunan ƙauyensu daidai, ta tsaya tana kallonsa.

Ɗalibaina suka fara zuwa, biyu ko uku a kan inji guda. Sai malamar yaƙi da jahilci ta roƙi in bar matan ajinta su riƙa zuwa da rana. Mata ne masu sayar da ƙuli-ƙuli da masu saƙar tabarmar kaba, suna taɓa maɓalli da yatsa ɗaya kamar za su taɓa garwashi. Mai bishara na ƴar majami'ar da ke bayan kasuwa ya zo da waƙoƙinsu na Hausa da aka kwafa da hannu har takardun suka yi laushi, ya zauna yana bugawa yana rerawa a hankali. Ban taɓa jin ina da amfani a duniya kamar wannan lokaci ba. Taubashina yakan biyo in ya tashi daga aiki, ya zauna a bakin taga ya sha shayina, ya ce wa matan kada su yarda da bawa, zai sayar da su ga agwagwa.

Sai damina ta yi gardama. Hatsi ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Tun kafin kaka ta wuce maza suka fara tafiya cin rani, ajina ya riƙa raguwa, yau babu wannan gobe babu wancan. Mata suka shiga daji neman ganyen jiga. Ana cikin haka wata rana rediyo ya kama kiɗan soja, aka ce an kifar da gwamnati. Ba a daɗe ba aka sallami magadan gari, aka kawo mana kantoma, wani kaftin matashi. An kori mutane da yawa daga meri amma ba a taɓa taubashina ba. Duk hatsin agajin da zai shigo garin ta mangazarsa zai bi, saboda haka kullum yana gefen kaftin.

Gazuwal, man da injin wutar gari ke sha, ya yi wuya, kuran ya koma sai bayan magariba ake kawo shi. Da rana garin duka babu wuta, kowa ya san haka. Na samo batirin babbar mota da ɗan akwatin da ke juya wutarsa, ina cika shi in an kawo kuran, da rana kuma ya ɗauki inji biyu na ɗan lokaci. Da wannan batir ɗakin yake numfashi. Matan ba su daina zuwa ba ko a cikin yunwar, wata ta ce mini nan ne kaɗai wurin da take zama ba ta tunanin tukunya.

Ran nan da la'asar sakaliya ina rufe tagogi, taubashina ya tsaya da babur a ƙofa. Ya shigo yana fito, ya tsugunna ya fara kwance wayoyin batir.

Na ce, “Kai, mi za ka yi da shi?”

Ya ce, “Tun yaushe bawa ke tambayar ubangijinshi? Kayan bawa ai na mai bawa ne.”

“Gobe mata na zuwa.”

“Gobe da sahe kana ganin shi. Wani ɗan aiki gare ni a gida.”

Na ce masa Allah ya sa ya faɗo masa a ƙafa. Ni da kaina na kama masa muka ɗora a bayan babur, na kawo igiya na ɗaure. Ya sha ɗaukar mini rediyo da takalmi da buta haka nan, ya dawo da su in ya ga dama. Ban kawo komai a raina ba.

Da safe batir bai zo ba. Hantsi ya yi bai zo ba. Matan suka zo suka zauna a inuwar bishiyar bedi suna jira. Ina shirin aika masa da zagi sai na ji ƙarar motoci a ƙofar makaranta, dirakta ya fito da gudu yana gyara riga. Kaftin ne, da sojoji biyu, da wakilin sarki, da wani baƙo mai tabarau da ya zo daga Yamai. Daga motar kaftin, ta ƙofar baya, taubashina ya fito sanye da sabuwar shadda.

Daga baya na san abin da ya kawo su. Baƙon ma'aikacin wani furoje ne, shirin agaji da ke raba sababbin ordinatoci, amma sai ga garin da ba shi da ɗakin inji mai aiki. Garin da aka ba, za a naɗa mutum guda ya riƙe wurin. Shi kuma kaftin ɗaki yake nema mai ƙofar ƙarfe kusa da tsakiyar gari, don mangazar meri ta cika da hatsi. An gaya musu akwai wani ɗaki a kolej, suka zo su gani da idonsu. Kowa a meri ya san da zuwan tun kwanaki. Ni kaɗai ne ban sani ba.

Suka shigo. Kaftin ya dubi injunan, ya dubi jan farcen da ke kan maɓallai, ya ce da Faransanci in kunna ɗaya. Mutum ne mai ladabi, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Na ce masa babu kuran da rana, da batir muke aiki, batirin kuma yana hannun wannan. Na nuna taubashina.

Taubashina ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a. Ya ce, “Mon capitaine, c'est mon cousin. Ɗan gwaggota ne, bawana ne. Kun ji shi ko? Wai batir. Yau ni anka mayar ɓarawon batir.” Aka fara murmushi. Ya matsa ya buga ƙusumbin inji ɗaya da tafin hannu. “Wanga ko batirin jirgin sama anka kawo mashi ba ya tashi. Gawa ce. Ni na ba shi su daga mangaza don shi samu abin wasa shi bar damuna.”

Wakilin sarki ya fashe da dariya, sojojin suka taya shi. Na ce ƙarya yake yi, jiya ma sun yi aiki, ga mata can a waje a tambaye su.

Ya ce, “A tambayi matan da ke ce ma abin agwagwa?”

Dariya ta ƙaru. Baƙon Yamai bai yi dariya sosai ba, ya tambaye ni wane tsari ne a ciki, kuma ina takardar lasisinsa. Na ce ba ya bukatar lasisi, libre ne. Wakilin sarki ba ya jin Faransanci, ya juya ya tambayi taubashina me na ce. Shi da ya san kalmar da nake faɗa, shi da ya yi mata dariya a bakin tagar nan yana shan shayina, ya ce:

“Ya ce na banza ne, ranka shi daɗe. A banza anka samo shi.”

Wakilin sarki ya kaɗa kai ya ce ai araha ba ta ado.

Nan jinina ya hau. Na ji muryata ta tashi, na fara cewa a ba ni rabin yini kawai, a aika gidansa a ɗauko batir, in ba su tashi ba a ɗaure ni. Na taka zuwa wurinsa. Dirakta ya riƙe mini hannun riga ta baya, ya raɗa mini, “Mushe, taubashinka ne hwa. Gaban baƙi.” Wakilin sarki ya daina dariya yana kallona irin kallon da ake yi wa wanda ya tuɓe a kasuwa. Kaftin ya ɗaga hannu yana murmushi ya ce wannan wasa na taubasai shi ne arzikin ƙasarmu, shi ya sa ba mu yaƙi da juna kamar wasu. Ya dafa kafaɗata ya ce in rama mana, yana son ya ji.

Duk ɗakin ana jiran in rama. In na ci gaba da fushi, na zama marar tarbiyyar da ya kunyata danginsa gaban soja. In na rama, na yarda ke nan duk abin da aka faɗa wasa ne, har da maganata ta cewa injunan suna aiki. Taubashina ya san haka tun jiya da yake kwance wayoyin. Ya dube ni yana murmushi, ko ƙifta ido bai yi ba. Na ce masa ubangijin da ko akuya ba ya iya ciyarwa. Aka yi dariya aka tafa, kaftin ya ce voilà, baƙon ya rufe jakarsa suka fita. 

Ba a yi mako ba aka zo da amalanke. An ce injunan kayan gwamnati ne da suka lalace, za a fitar da su daga lissafi. Na roƙi a bar ni in cire abin da ke riƙe da rubutun mutane a ciki, sojan da ke tsaye ya ce ba a ba shi wannan umarni ba. Waƙoƙin mai bishara da ya kusa gamawa suka tafi, da duk abin da matan suka rubuta da yatsa ɗaya. An ce ƴan gwangwan ne suka saye su suka farfasa don jan ƙarfen da ke ciki. Aka cika ɗakin da buhuna har rufi. Ba zan ce ba a bukatar hatsin ba, ni ma na bi layi a ƙofar ɗakin nan na auni rabona.

Batirin ya dawo bayan an kwashe su. Taubashina ne ya kawo shi da kansa har gida, a cike, ya ajiye a zaure ya ce ga kayan bawa nan, ubangiji ya gode. Ban fito ba, matata ce ta amsa masa.

Sababbin injunan sun zo bayan damina, aka ba su ɗaki a meri, aka naɗa taubashina shugaban wurin. Masu kyau ne, sun fi nawa sauri nesa ba kusa ba, kuma ya riƙe wurin da tsabta, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai a rufe suke, ba mai izinin taɓa cikinsu, kuma takardar farko da na gani ta fito daga can an rubuta kasa a wurin ƙasa. Matan yaƙi da jahilci ba su taɓa shiga ba, ɗakin na masu takalmi ne. Da a ce tun farko ya zo ya same ni ya ce, ɗan'uwa, ga dama ta samu, ina son wannan aiki, ka rufe bakinka na yini ɗaya, wallahi ban san abin da zan ce masa ba, wataƙila in yarda, wataƙila mu yi faɗa irin na maza. Bai ba ni wannan ba. Ya bi ta hanyar da ya san an ɗaure mini hannu, ya mai da abin da muka gada tun muna yara wuƙa, da ɗan gari kuwa akan ci gari.

Na tafi ƙauye na kai ƙara wurin uwata. Na same ta tana tankaɗe ɗan garin da ya rage, na zauna na zayyana mata komai. Ta saurara har na gama, ba ta daina tankaɗe ba.

Ta ce, “To mi kake so in yi? In je in ce ma yayana ɗanshi ya yi ma ɗana wasa?”

Na ce, “Inna, ba wasa ba ne.”

Ta ce, “Na sani.” Ta buga rariya a gefen ƙwarya. “Hatsin ga da kake gani daga rumbun kawunka ya hito. Tun da rani ya kama shi ke auno mani. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban yarda in ji an ce ka yi hushi da shi ba, ko a bayan raina.”

Na yi mata alkawari, kuma na cika. Ban yi fushi da shi a gaban kowa ba, ban ɗaga masa murya ba, ban kai shi gaban manya ba. A hanyar komawa Mayahi, a bayan wata tsohuwar mota mai ɗaukar awaki, na samo abin da zan yi wanda ba wanda zai ce laifi ne.

Haɗuwarmu ta farko a gidan kawu ce, ranar sunan jikansa, zaure cike da mutane. Yana hango ni ya ɗaga murya ya ce ga bawa nan ya zo, a ba shi tsintsiya. Na cire takalmina a bakin tabarma, na rusuna, na miƙa masa hannu biyu.

Na ce, “Ranka shi daɗe, an wuni lahiya? Ina gajiya? Ya iyali?”

Aka yi dariya, an ɗauka sabon salon wasa ne. Shi ma ya yi, ya fizge hulata ya ɗora a kansa. Na ce in tana yi masa ya riƙe, Allah ya sa ya kashe lafiya. Na koma gefe na zauna da kai a buɗe har aka shafa fatiha. Kafin a watse ya aiko a ba ni hular, na ce a mayar masa, kyauta ce.

Haka na ci gaba. A Salla, a jana'iza, a kasuwa, ko'ina na gan shi ni ke fara gaishe shi, gaisuwa cikakkiya irin wadda ake yi wa surukin da ake jin nauyi. Ya yi ta jefo zagi yana jiran in cafe, ina barin shi ya faɗi ƙasa. Da farko yana ƙara wa zagin gishiri. Daga baya ya rage. Dangi suka lura, amma me za su ce? Ba a kai mutum ƙara don ya cika ladabi. Uwata ta dube ni wata rana bayan ya fita, ta ce ni mugu ne kamar ubana.

Ba zan ɓoye ba, abin ya ci ni ni ma. Ba wanda ya iya sa ni dariya kamarsa. Sau da yawa ina cikin aji zagi mai daɗi zai faɗo mini, wanda shi kaɗai ya dace da shi, in rasa inda zan kai shi. Sojoji suka tafi, farar hula suka dawo, aka yi damina mai kyau da marar kyau. Na sake tara wasu tsofaffin injuna a zauren gidana, Agwagwa tana tashi a kansu har gobe, amma ban ƙara kai su inda wani ke da makulli ba.

Bara na gan shi a tashar Tasawa, ina jiran motar Mayahi. Ya dawo daga asibiti, ya rame, gashin kansa ya zube saura kaɗan a gefe, yana dogara sanda. Na tashi na ba shi wurina a kan benci, na rusuna na gaishe shi, na yi masa ya jiki. Ya amsa. Masu tallar ruwa suna ta wucewa. Can ya kama hannuna, ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, “Ɗan gwaggo, ka zage ni mana. Ko sau guda.”

Zagin yana bakina, a shirye, a kan sanƙon nan nasa, kuma na san da na sake shi da mu biyu mun yi dariya har hawaye a tashar nan. Na ji shi ya taso har kan harshena. Na tuna yadda ya dube ni a ɗakin nan yana jiran in rama.

Na ce, “Allah shi ƙara sauƙi, ranka shi daɗe. A gaida mutanen gida.”

Ya saki hannuna a hankali. Motar Mayahi ta cika, na ɗaukar masa jakarsa na kai masa har kujerar gaba, ni kuma na shiga baya.